Neman Mai Fassara Daga Sifaniyanci Zuwa Turanci Wanda Ya Ƙware a Karin Magana da Salon Zance: Tambayoyi da Amsoshi

Samun wanda zai karɓi aikin fassara daga Sifaniyanci zuwa Turanci ba abu ne mai wuya ba, domin masu yin wannan sana'a suna da yawa a Turai da nahiyar Amurka baki ɗaya. Wahalar tana farawa ne idan rubutun ya cika da karin magana da habaici da irin zancen da ma'anarsa ba ta zaune a kan kalmominsa, kamar hirar da aka yi da manomi, ko jawabin ɗan siyasa, ko labarin adabi, ko tallar kaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai irin wannan aiki ya kamata ya warware kafin ya miƙa rubutunsa da kuɗinsa ga wani.

Me ake nufi da ƙwarewa a karin magana da salon zance?

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a nan, kuma yana da kyau a rarrabe su. Na farko shi ne karin magana, wanda masu Sifaniyanci ke kira refrán, wato cikakkiyar jimla mai ɗauke da hikima wadda aka gada kaka da kakanni. Na biyu shi ne salon zance, wanda suke kira modismo ko frase hecha, wato 'yan kalmomin da suka manne da juna har suka haifi wata ma'ana dabam, kamar yadda Bahaushe yake cewa an ja wa mutum kunne alhali ba wanda ya taɓa kunnensa, ko a ce wane yana da ɗaurin gindi. Idan mutumin Madrid ya ce "me estás tomando el pelo", kalmomin suna magana ne a kan ɗaukar gashi, amma abin da yake nufi shi ne kana zolayarsa. Idan ya ce wata mata "no tiene pelos en la lengua", ba batun gashi a harshe yake yi ba, yana nufin ba ta rufa-rufa, tana faɗin gaskiya komai ɗacinta.

Mai fassarar da ya ƙware a wannan fanni yana yin aiki uku a lokaci guda. Yana gane cewa an yi salon zance ko da jimlar tana da ma'ana a zahirinta, yana sanin nauyinsa a wurin da aka faɗe shi, wato ko na ladabi ne ko na kasuwa, ko tsofaffi ne kawai suka rage suna faɗinsa, sannan yana iya samo abin da zai yi wa mai karanta Turanci irin tasirin da asalin ya yi wa mai shi. Mataki na farko ne ya fi yawan kayar da mutane, domin wanda bai gane an yi karin magana ba, ba zai ma buɗe ƙamus ya duba ba.

Akwai takardar shaida ta musamman da ke nuna mutum ya ƙware a wannan fanni?

Manyan ƙungiyoyin masu fassara ba sa bayar da shaida a kan karin magana kaɗai. Idan ka ga mutum ya rubuta a bayanin kansa cewa fanninsa ke nan, to shi ne ya faɗa da bakinsa, kuma sau da yawa akwati kawai ya cike a lokacin yin rajista. Wannan ba ya nufin ƙarya yake yi, amma yana nufin ba wanda ya tantance maganar.

Abin da ake da shi shi ne shaidar ƙwarewa a fassara gaba ɗaya. Ƙungiyar masu fassara ta Amurka, ATA, wadda aka kafa a 1959, tana shirya jarrabawa daga Sifaniyanci zuwa Turanci, inda ake ba mutum sa'o'i uku ya fassara nassi biyu daga cikin uku, kuma cikin kurakuran da ake rage maki a kansu har da bin kalma da kalma. A Birtaniya akwai cibiyar CIOL mai tushe tun 1910, wadda ke bayar da babbar shaidar fassara da ake kira DipTrans, kuma cikin takardun da ɗan jarrabawa zai iya zaɓa akwai ta adabi. Wanda ya ci wannan takarda ta adabi ya fi kusa da abin da kake nema fiye da wanda ya ci ta kimiyya. Akwai kuma ITI, wata ƙungiyar masu fassara ta Birtaniya da aka kafa a 1986, wadda ke tantance mambobinta kafin ta ba su cikakken matsayi.

A kula da wata shaida da ke rikita mutane. A Sifaniya akwai traductor jurado, wato mai fassarar da ma'aikatar harkokin waje ta ba izinin sa hannu da hatimi a kan takardun hukuma, a Ajantina kuma akwai traductor público. Waɗannan su ne mutanen da ake nema idan takardar haihuwa ce ko hukuncin kotu. Hatiminsu yana tabbatar da cewa hukuma za ta karɓi takardar, amma ba ya cewa komai game da iya juya barkwanci ko habaici.

To, ina ya kamata in fara nema?

Wurare iri uku ne suka fi amfani. Na farko shi ne rajistar mambobin ƙungiyoyin da aka ambata, domin ATA da CIOL da ITI duk suna da jerin sunaye a intanet da ake iya tacewa bisa harsuna da fanni, haka ma Asetrad ta Sifaniya da aka kafa a 2003. Na biyu shi ne dandalin masu fassara irin ProZ.com, wanda ya fara aiki a 1999. Wannan dandali yana da wani sashe mai suna KudoZ inda masu fassara ke tambayar juna ma'anar kalmomi masu wuya, kuma cikin rukunansa akwai na karin magana da salon zance. Amfanin wannan sashe ga mai nema shi ne amsoshin a fili suke: za ka iya buɗe sunan mutum ka karanta yadda ya warware tambayoyi a shekarun baya, ka ga ko yana kawo hujja da misali ko kuwa zato kawai yake jefawa, ka kuma ga yadda yake karɓar gyara idan abokan sana'a suka saɓa masa. A ganina wannan ya fi duk wani bayanin yabon kai da mutum zai rubuta.

Na uku shi ne ƙungiyoyin masu fassarar adabi, irin ALTA ta Amurka da aka kafa a 1978, da sashen masu fassara na ƙungiyar marubuta ta Birtaniya, wadda ke bayar da kyautar Valle Inclán ga fassarar littattafai daga Sifaniyanci zuwa Turanci. Sunayen waɗanda suka kai matakin ƙarshe a irin wannan gasa jeri ne na mutanen da wasu ƙwararru suka riga suka auna aikinsu. Ba lallai ba ne su karɓi ƙaramin aiki, amma yawancinsu sun san wanda zai karɓa.

Dabarar da ta fi biya ita ce a nemi mutum bisa nau'in rubutun maimakon bisa kalmar "karin magana". Duk tela yana ɗinki, amma wanda ke son aikin wuyan babbar riga yakan tambayi wanda ya saba da zare da allura ne, ba wanda ya fi kowa saurin keke ba. Masu fassarar ƙagaggun labarai da wasan kwaikwayo, da masu rubuta fassarar da ke fitowa a ƙasan fim, da masu juya tallace-tallace, su ne ke kokawa da salon zance kullum, ko da ba su rubuta haka a jikin sunansu ba.

Sifaniyanci ai harshe ɗaya ne. Me ya sa ake cewa sai na san na wace ƙasa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500, kuma harshen hukuma ne a ƙasashe 20, daga Sifaniya zuwa Meziko, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu magana da shi, har zuwa Ikwatoriyal Gini da ke maƙwabtaka da Kamaru. A rubutun ilimi da na hukuma bambancin kaɗan ne, lauyan Lima zai karanta takardar lauyan Madrid ba tare da tangarɗa ba. Amma da zarar an sauko zancen titi da na cikin gida, sai hanyoyi su rabu.

A Sifaniya, "echar los perros" ga mutum yana nufin yi masa faɗa mai tsanani, alhali a Kolombiya da Benezuwela da Meziko ma'anarsa neman soyayyar mutum. Mai fassarar da ya san ma'ana ɗaya kawai zai mai da zawarci ya koma rigima, kuma jimlarsa za ta fita sumul ba tare da wata alamar kuskure ba. Kalmar "guagua" motar haya ce a Kyuba da tsibiran Kanari, amma jariri ce a Cile da yankin tsaunukan Andes. Kalmar "coger", wadda mutanen Sifaniya ke amfani da ita kullum da ma'anar ɗauka ko kamawa, batsa ce a Meziko da Ajantina. Mutanen Buenos Aires suna da nasu zaurancen mai suna lunfardo, wanda ya cika waƙoƙin tango, da yawa daga cikin kalmominsa kuma sun shigo ne tare da baƙin Italiya. Mutanen Sifaniya su kuma sun ɗebo salon zance da yawa daga wasan shanu, shi ya sa "echar un capote" ke nufin kawo wa mutum ɗauki, "cambiar de tercio" kuma ke nufin sauya zance.

Wani lokaci kuskuren fahimtar irin wannan zance yana da tsada a zahiri. A ƙarshen 2020 ɗan wasan Yurugwai Edinson Cavani, lokacin yana Manchester United, ya amsa wa wani abokinsa a Instagram da kalmomin "gracias negrito", wato a zahiri "na gode, ƙaramin baƙar fata". Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ɗauki kalmar a matsayin cin fuska mai nasaba da launin fata, ta dakatar da shi wasa uku, ta kuma ci shi tarar fam 100,000, yayin da cibiyar harshe ta ƙasar Yurugwai ta fito ta ce a Sifaniyancin yankinsu wannan kalmar ƙauna ce tsakanin abokai. Ko mutum yana ganin hukuncin daidai ne ko a'a, darasin ga mai neman fassara a bayyane yake: yana bukatar wanda ya san abin da kalma ke nufi a inda aka faɗe ta, ya kuma san yadda za ta sauka a kunnen wanda za a fassara wa, sannan ya ankarar da shi tun kafin a buga.

Saboda haka, kafin ka tuntuɓi kowa, ka binciko ƙasar marubucin ko mai maganar, da shekarun da aka yi rubutun, ka sanya su a saƙonka na farko. Ka kuma tambayi mai fassarar kai tsaye a wace ƙasa ya zauna da tsawon lokacin da ya yi a can.

Wanne ya fi, wanda Sifaniyanci ne harshen uwarsa ko wanda Turanci ne nasa?

Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin Birtaniya da Amurka suka fi bi ita ce mutum ya fassara zuwa harshen da ya fi ƙarfi a ciki, wato a nan wanda Turanci ne harshensa na farko. A fannin salon zance wannan ƙa'ida tana da ƙarfi sosai, domin sanin wane karin magana na Turanci ne har yanzu ake faɗi, wanne ne kuma ya tsufa, abu ne da kunne ke kamawa. Sai dai ɗan asalin Sifaniyanci ya fi saurin gano habaicin da ke ɓoye. Idan aikin yana da nauyi, mafita ita ce a haɗa biyun: ɗaya ya fassara, ɗayan ya bi sawu yana gwama fassarar da asali. Ma'aunin ISO 17100 na 2015, wanda kamfanonin fassara ke tinƙaho da shi, dama ya wajabta mutum na biyu ya duba aikin na farko.

Kada a manta cewa Turancin ma iri-iri ne. Na Amurka yana ɗebo salon zance daga wasan besbol, na Birtaniya kuma daga kurket, kuma mai karatu a Kano ko Akara ba lallai ba ne ya gane ko ɗaya daga ciki. Ka faɗa wa mai fassarar su wane ne za su karanta.

Yaya zan gwada mutum kafin in ba shi aikin gaba ɗaya?

Ka tsamo sashe na kalmomi 200 zuwa 300 daga cikin rubutunka, wurin da ya fi cika da zancen baka, ka ba mutum biyu ko uku, ka biya kowannensu kuɗin gwajin. Biyan yana da amfani, domin ƙwararrun da ke da aiki a hannu ba su cika karɓar gwajin kyauta ba, kuma su ne kake nema.

A ɗauka hira ce da wata mai sayar da kaya a kasuwar birnin Medellín na Kolombiya, ta ce wa mai tambayarta: "Aquí uno no puede dar papaya, mijo, porque camarón que se duerme se lo lleva la corriente." A zahirin kalmomi, ta ce a nan ba a bayar da gwanda, domin jatan landen da ya yi barci ruwa ne ke tafiya da shi. "Dar papaya" salon zancen Kolombiya ne mai nufin yin sakaci har a samu kafar cutar da kai, kusa da abin da Hausawa ke nufi da sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai fassara na farko ya kawo maka jimlar da ke maganar gwanda a Turanci. Wannan ya faɗi, domin bai ma lura an yi salon zance ba. Na biyu ya rubuta "You have to be careful here", ya haɗe maganganun biyu ya shafe su. Ma'anar ta isa, amma matar ta ɓace, ta koma kamar sanarwar ofis. Na uku ya rubuta "You can't drop your guard round here, son", sannan ya bar jatan landen yadda yake saboda hoton a fili yake ko ga wanda bai taɓa jin karin maganar ba, ya kuma aiko da ɗan bayani cewa akwai "you snooze, you lose" a Turanci, amma ya guje shi don ya fi kama da bakin matashin Amurka fiye da na dattijuwar kasuwa, idan kuma kana son sa zai mayar. Na ukun nan za ka ɗauka, ko da ba ka yarda da zaɓinsa ba, domin ya ga matsalar, ya auna hanyoyi, ya kuma bar maka ikon yanke hukunci.

Ka lura da tambayoyin da mutum ke yi maka kafin ya fara. Wanda ya karɓi rubutu mai cike da habaici bai tambayi wane ne mai maganar ko su wane ne masu karatu ba, ya riga ya nuna maka yadda zai yi aikin.

Shin dole ne a musanya kowane karin magana da takwaransa na Turanci?

A'a, kuma yawan musanya ma alama ce ta rashin gogewa. Wani lokaci ana dace da takwara mai hoto iri ɗaya, kamar "más vale pájaro en mano que ciento volando", inda Sifaniyanci ke fifita tsuntsu ɗaya a hannu a kan ɗari masu tashi, Turanci kuma ke fifita shi a kan biyu da ke cikin daji. Wani lokaci ma'ana ɗaya ce amma hoton ya bambanta: abu mai tsada yana cin ido a Sifaniyanci, a Turanci kuma hannu da ƙafa yake ci. Wani lokaci babu takwara sai a faɗi ma'anar a sarari, a rama adon a wata jimla ta gaba. Akwai kuma lokacin da barin hoton asali ya fi, musamman idan marubucin ya ci gaba da wasa da shi a sakin layin da ke biye, domin wanda ya cire jatan lande ba zai san yadda zai yi da ruwan da aka ci gaba da ambata ba.

Wannan muhawara tsohuwa ce. Littafin Don Quijote na Cervantes, wanda ya fito kashi biyu a 1605 da 1615, yana da wani bara mai suna Sancho Panza mai jero karin magana kamar carbi, har ubangidansa ya riƙa yi masa faɗa a kan haka. Tun daga Thomas Shelton, wanda fassararsa ta kashi na farko ta fito a 1612, har zuwa Edith Grossman a 2003, kowane mai fassara sai da ya yanke wa kansa hukunci ko Sancho zai yi magana kamar baƙauyen Ingila ne ko kuwa zai ci gaba da zama mutumin yankin La Mancha na Sifaniya mai baƙin zance.

Akwai kuma maganganun da ke ɗauke da tarihi mai zafi. "No hay moros en la costa" ana faɗinsa yau da ma'anar babu haɗari, hanya a buɗe take, amma ya samo asali ne daga zamanin da ake tsaron gaɓar teku saboda hare-haren jiragen Arewacin Afirka, kuma kalmar "moro" tana iya zama cin fuska ga Musulmin Magrib. A labarin adabi mai fassara zai iya musanya shi da takwaransa na Turanci ya wuce. A binciken da ke nazarin yadda ake kallon baƙi a Sifaniya kuwa, shafe kalmar ɓarna ce ga binciken. Manufar aikin ce ke raba gardama.

Ban iya Sifaniyanci ba. Ta yaya zan san an yi mini aiki mai kyau?

Ka nemi mai fassarar ya haɗa maka jadawali na duk karin magana da salon zancen da ya ci karo da su, kowanne da ma'anarsa ta zahiri, da abin da ake nufi da shi, da abin da ya zaɓa a Turanci. Da wannan jadawali za ka iya bin sawu da kanka. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, tana da taskar karin magana a intanet mai suna Refranero multilingüe, kyauta ce, tana kawo ma'anar kowane karin magana da takwarorinsa a harsuna da dama har da Turanci, tana kuma nuna ko har yanzu ana amfani da shi ko ya tsufa. Bayan haka sai ka biya wani mai fassara dabam ya duba shafuka kaɗan da ka zaɓa da kanka.

Waɗanne kayan aiki ya kamata ƙwararre ya sani?

Tambayar mutum inda yake duba salon zance hanya ce mai sauƙi ta gane zurfinsa. Ana sa ran ya ambaci ƙamus ɗin cibiyar harshe ta Sifaniya, RAE, wadda aka kafa a 1713, da Diccionario de americanismos na 2010 wanda ƙungiyar cibiyoyin harshen ta fitar musamman don kalmomin nahiyar Amurka, inda ake nuna ƙasar da ke amfani da kowace ma'ana. Ga salon zancen Sifaniya akwai ƙamus ɗin da Manuel Seco da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, ga tsofaffin rubuce-rubuce kuma akwai tarin karin maganar da Gonzalo Correas ya kammala a 1627. Wanda ya ce maka yakan kira wani abokinsa ɗan ƙasar idan ƙamus ya gaza, kada ka ɗauke shi rago, haka ƙwararru ke yi.

Na'urorin fassara ba za su wadatar ba?

Sun inganta ƙwarai tun da Google Translate ya sauya fasaharsa a 2016, DeepL kuma ya fito a 2017, kuma yanzu sukan gane sanannun karin magana. Inda suke tuntuɓe shi ne salon zancen yanki ɗaya, da karin maganar da aka faɗi rabinsa aka bar sauran ga mai sauraro, da wanda aka juya da gangan don ban dariya. Matsalar da ta fi girma ita ce kuskurensu yana fitowa cikin Turanci mai santsi, wanda bai san asali ba ba zai yi zargin komai ba. Don sanin abin da takarda ta ƙunsa a dunƙule sun isa. Don abin da za a buga ko a kafa hujja da shi, ka tambayi mai fassararka ko yana amfani da su, ku kuma rubuta abin da kuka yarda a kai, musamman idan rubutun na sirri ne.

Nau'in aikin yana sauya irin mutumin da zan nema?

Ƙwarai kuwa. Mai fassarar ƙasan fim yana aiki cikin ƙunci, domin ƙa'idar Netflix ta Turanci, alal misali, ba ta yarda layi ya wuce haruffa 42 ba, kuma layi biyu ne iyaka, don haka babu wurin bayani, dole a samo gajeren zance mai kai saƙo. Mai juya talla yana da 'yancin jefar da karin maganar gaba ɗaya ya ƙirƙiro wani. Mai fassarar shaidar kotu ko hirar bincike ba shi da wannan 'yanci, aikinsa ya tsaya kusa da abin da aka faɗa, ya yi bayani a gefe. Idan kuma magana ce ta baka a taro, tafinta kake nema, sana'arsa dabam ce da ta mai fassarar rubutu.

Yaya ake lissafin kuɗi da lokaci?

Yawanci ana lissafi ne bisa yawan kalmomin asali, ƙasan fim bisa minti, talla kuma bisa awa ko bisa aikin gaba ɗaya, kuma galibin masu fassara suna da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa komai ƙanƙantar aiki. Farashi yana bambanta sosai tsakanin ƙasashe, don haka ka nemi ƙiyasi daga mutum uku a kan rubutu ɗaya. A rubutu na yau da kullum ana sa ran kalmomi 2,000 zuwa 2,500 a rana, amma rubutu mai cike da salon zance ya fi haka jinkiri, domin jimla ɗaya tana iya cin rabin awa. Wanda ya yi maka alkawarin gama babban aiki cikin dare ɗaya a kan kuɗi kaɗan, kusan tabbas na'ura zai ba. Ku daidaita tun farko a kan irin kuɗin da za a biya da wanda zai ɗauki cajin banki.

Idan daga Turancin zan sake fassarawa zuwa Hausa fa?

Wannan hali ne da masu aikin jarida da masu sharhin gasar La Liga suka saba da shi, domin maganar koci a Madrid ko Barcelona takan ratsa ta Turanci kafin ta iso Hausa. A nan bukatarka ta bambanta, kuma dole ka faɗa wa mai fassarar. Ba Turanci mai daɗi kake nema ba, gadar da za ta kai ka ga asalin kake nema, don haka ka roƙi ma'anar zahiri tare da bayani. Dalili shi ne sau da yawa Hausa ta fi Turanci kusa da asalin. "A quien madruga, Dios le ayuda" yana cewa Allah yana taimakon mai sammako, amma takwaransa na Turanci ya cire ambaton Allah ya kawo tsuntsu da tsutsa. Wanda ya ga asalin zai iya barinsa yadda yake a Hausa, ko ya ce da sanyin safiya ake kama fara. Haka "de tal palo, tal astilla" zai zauna daidai da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ba sai an bi ta Turanci ba. Idan ɗan jarida ya ce koci yana "echar balones fuera", ba ƙwallo ya buga waje ba, kauce wa tambaya yake yi, kuma wannan bayanin ne zai hana kuskuren ya ninka a mataki na biyu.

Me ya kamata in kiyaye wajen ƙulla yarjejeniya?

Satar takardun bayanin ƙwararru matsala ce sananniya a wannan sana'a: wani ya kwafi tarihin aikin mai fassara na gaske, ya sauya adireshin imel, ya karɓi aiki ya zuba a na'ura. Maganinta shi ne ka tuntuɓi mutum ta adireshin da ke rajistar ƙungiyarsa, ka duba lambar shaidarsa a shafin ƙungiyar, ku kuma yi gajeriyar hira ta bidiyo. Idan kamfani ne, ka nemi a tabbatar maka a rubuce cewa wanda ya yi gwajin shi ne zai yi aikin.

Yarjejeniyar ta ambaci irin Turancin da ake so, da ranar miƙa aiki, da yawan zagayen gyara da kuɗin ya ƙunsa, da jadawalin salon zancen da aka ambata a sama. Idan abin bugawa ne, a tuna cewa yarjejeniyar Berne ta 1886 tana kare fassara a matsayin aikin fasaha mai haƙƙin mallaka, don haka sai a rubuta wanda ke da haƙƙin fassarar da yadda za a ambaci sunan mai ita, sannan a tabbatar an samu izinin mai asalin rubutun kafin a fara.